Bincike Kafin Hukunci: Tarihin Tunanin Kimiyya da Adalci da Yarda da Kai a Labaran Yara na Hausa

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma tana da hanyoyin da take bi ta cusa wa 'ya'yanta halayen da take so su girma da su, kuma babu hanyar da ta kai labari daɗewa da tasiri. Yaron da zai zame ya gudu idan aka zaunar da shi domin nasiha, shi ne zai ƙi barci idan aka ce za a yi tatsuniya. Saboda haka abin da aka zuba cikin labaran yara yana nuna irin mutumin da al'umma take fatan samarwa.

Wannan maƙala za ta bi tarihin labaran da aka tanadar wa yaran Hausawa, tun daga tatsuniyar baka har zuwa littattafan da aka buga tsakanin 1934 da tsakiyar shekarun 1980, domin a ga yadda suka tafiyar da darussa guda uku. Na farko shi ne tunanin kimiyya, wato ɗabi'ar lura da tambaya da gwadawa, da kuma sauya ra'ayi idan hujja ta bayyana. Na biyu shi ne adalci. Na uku shi ne yarda da kai, wato yaro ya karɓi halittarsa ba tare da ƙyamar kansa ba. Ra'ayin maƙalar shi ne darussan nan uku tushensu ɗaya ne, wato ƙin yanke hukunci kafin a duba. Tatsuniya ta riƙe su a haɗe, zuwan boko ya raba su, kuma ƙoƙarin da aka yi na sake haɗa su bai sami magada ba.

2.0 Gadon Tatsuniya

Kafin littafi ya shiga hannun yaro, makarantarsa ta labari ita ce ɗakin kaka ko tsakar gida bayan sallar lisha. An fara rubuta wannan gado da haruffan boko tun ƙarni na 19, lokacin da J.F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885. Daga baya Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, daga rubuce-rubucen ajami da malamai suka tara masa. A 1913 kuma R.S. Rattray ya buga tatsuniyoyin da Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Sai dai waɗannan littattafai an yi su ne domin Turawa masu koyon Hausa da masu nazarin al'adu. Yaron da aka ɗauko tatsuniyar daga bakin kakarsa bai san da su ba.

Duk da haka, abin da aka tara ya isa ya nuna yadda darussan uku suke zaune a cikin tatsuniya. Alal misali, akwai tatsuniyar kura da ta faɗa rijiya, biri ya miƙa mata wutsiya ta fito, sai ta riƙe shi ta ce cinye shi za ta yi. Da aka kai ƙara gaban dila, malamin daji, bai tsaya auna maganar mai ƙarfi da ta mai rauni ba. Cewa ya yi bai gane yadda abin ya faru ba, sai an koma bakin rijiya an nuna masa. Kura ta sake shiga, biri ya tsira. Galibi ana karanta wannan a matsayin labarin wayo, amma akwai abin da ya fi wayo a cikinsa. Dila ya ƙi hukunci a kan ji, ya nemi a maimaita abin a gaban idonsa, kuma ta wannan hanya ce adalci ya tabbata. Karin maganar da ke cewa gani ya kori ji ita ce ƙashin bayan labarin, ita ce kuma matakin farko na kowane gwajin kimiyya.

Haka nan kacici-kacici, wanda yakan zo kafin tatsuniya ko bayanta, horo ne na lura. Ana siffanta wa yaro abin da ya saba gani kullum, kamar ƙwai ko tururuwa ko inuwa, da wata siffa da ba ta zo masa a rai ba, sai ya kawo amsa, a ce bai dace ba, ya sake kawo wata. Ke nan yana koyon gwada zato da jure kuskure ba tare da an kira abin da wani suna ba.

Game da yarda da kai kuwa, tatsuniyar Gizo da hankaki ta isa misali. Hankaki suka tausaya wa Gizo, kowanne ya ara masa gashi guda, ya tashi tare da su zuwa wani ɓaure da ke tsakiyar ruwa. Da ya isa sai haɗama ta kama shi, duk 'ya'yan ɓauren da wani ya nufa sai ya ce nasa ne. Hankaki suka ƙwace gashinsu suka bar shi a kan itace. Darasi biyu ne a nan cikin labari guda: wanda ya hana abokan tafiya rabonsu zai rasa su, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

2.1 Inda Tatsuniya Ta Gaza

Bai kamata a ɗauka gadon nan ba shi da aibi ba. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, 'yar bora da ake wulaƙantawa ta yi tafiya da ladabi da haƙuri, ta komo da dukiya da rakiya. 'Yar mowa ta bi sahunta da girman kai, ta komo da ayarin kutare da makafi da guragu. Adalci ya tabbata a idon mai sauraro, amma da me aka auna shi? An mayar da naƙasa hoton azaba. Yaro makaho ko gurgu da ke zaune cikin masu sauraro ya ji an ambaci irinsa a matsayin sakamakon mugun hali. Haka kuma a Daskin-da-Riɗi, yarinyar da 'yan uwanta suka raina ta sami nasara saboda kirkin da ta yi wa tsohuwa, amma ba a gane darajarta ba sai da ta canza kama ta sa tufafin alfarma. Wato tatsuniya ta fi koyar da haƙuri har sauyi ya zo, fiye da koyar da cewa mutum yana da daraja a yadda yake. Wannan giɓi ya bi labaran yara har cikin littafi.

3.0 Zuwan Boko da Hukumar Talifi

Makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa ita ce wadda Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Da makarantu suka ƙaru sai matsalar abin karantawa ta taso. Aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zauna a Zariya ƙarƙashin Dokta R.M. East, aka kuma mayar da ita Hukumar Talifi a 1933. A wannan shekara ce aka shirya gasar ƙaga labarai wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East.

Ba a ce waɗannan littattafai na yara ne kaɗai ba, amma tun da masu iya karatun boko a lokacin galibinsu 'yan makaranta ne da malamansu, a aji suka yi rayuwarsu. Shaihu Umar ya sa ɗalibi ya ga bauta ta idon yaron da aka sace da uwar da ta ƙare rayuwarta wajen nemansa, wanda darasin adalci ne da ba ya bukatar sharhi. Ruwan Bagaja kuwa, wanda Imam ya aro sunansa daga tatsuniyar da aka ambata, cike yake da mutanen da ake damfara saboda saurin gaskata abin da ba su bincika ba. Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna yi wa juna da mutanen gari dabaru iri-iri, mai karatu yana dariya, yana kuma koyon cewa rawani da carbi ba su ne hujja ba.

3.1 Magana Jari Ce

Littafin da ya fi kowanne tasiri a kan yaran Hausawa na ƙarni na 20 shi ne Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a 1936, aka buga shi cikin juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939. Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Indiya da na Jamus da na Hausa, ya sa musu rigar gida har ba a gane baƙi ne.

Abin lura a nan shi ne wanda aka ba ragamar littafin. A fadar Sarki Abdurrahman akwai jarumai da waziri da dakaru, amma wanda ya ceci ɗan sarki Musa daga makircin waziri shi ne aku, tsuntsun da aka saya da kuɗi, wanda ba shi da takobi ba shi da dangi. Makaminsa sani ne da iya magana. Dare bayan dare yana riƙe Musa da labari domin kada ya fita cikin gaggawa ya faɗa tarkon da aka ɗana masa, har sarki ya komo daga yaƙi gaskiya ta bayyana, aka naɗa aku waziri. Ga yaron talaka da ke zaune a benci a elementare, saƙon a fili yake: ƙanƙantar jiki da rashin asali ba su hana mutum amfani. Bugu da ƙari, ginin juzu'in farko gaba ɗayansa horo ne a kan jinkirta hukunci. Musa yana da labarin da aka kawo masa, yana da zafin zuciya, abin da ya rasa shi ne tabbaci, kuma aikin aku shi ne ya hana shi aiki da abin da bai tabbata ba. A juzu'i na uku kuma aku ya zauna yana koyar da ɗansa Fasih ta hanyar labarai, wanda ya mayar da littafin kansa darasi a kan yadda ake koyarwa.

Sai dai tambayoyin da Magana Jari Ce ya koya wa yaro duk a kan halin ɗan Adam suke: wa ke ƙarya, wa ke da gaskiya, wa ya cancanci lada. Bai juya wannan basira ga ruwan sama ko cuta ko tsiro ba. Wannan aiki an ware masa wani littafi dabam.

4.0 Rabuwar Labari da Kimiyya

A ƙarshen shekarun 1940, bayan kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, East da Imam suka fitar da Ikon Allah, littafin da ya yi bayanin halittu da yanayin duniya da Hausa mai daɗi. Sunan littafin kansa dabara ce mai zurfi. A lokacin da iyaye da yawa suke ɗari-ɗari da boko, an gabatar da nazarin halitta a matsayin duban ayyukan Mahalicci, abin da malaman zaure ba za su musa ba. Ikon Allah ya tabbatar da cewa Hausa tana iya ɗaukar bayanin kimiyya ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Amma littafin bayani ne. Marubuci ya sani, yaro yana karɓa. Babu wani tauraro mai shekarun mai karatu da zai yi zato ya kuskure, ya sake gwadawa. Daga nan aka sami rabon aiki wanda ya daɗe: ilimin halitta ya koma littafin aji da ake haddacewa domin jarrabawa, labari kuma ya ci gaba da zama gidan aljanu da dodanni da sarakai. Littattafan karatun firamare irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, da kuma ɗimbin ƙananan littattafan da hukumar NORLA ta buga a shekarun 1950 domin Yaƙi da Jahilci, sun yi aikin yaɗa karatu da tsabta da kyawawan ɗabi'u, amma ba su rushe wannan katanga ba.

Giɓin da aka gani a tatsuniya game da naƙasa shi ma ya sake fitowa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya samo asali daga labarin wani gwarzon Rasha, ya fara da yaron da ba ya iya tafiya. Labarin bai tashi ba sai da aka warkar da shi ta hanyar mu'ujiza aka ba shi ƙarfin da ya fi na kowa. Idan aka kwatanta da The Drummer Boy na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito da Ingilishi a 1960, za a ga bambanci. Tauraron Ekwensi makahon yaro ne mai kiɗa, ya fara labarin makaho ya ƙare shi makaho, darajarsa kuma tana cikin abin da hannunsa yake iyawa. Yaron Hausa mai naƙasa bai sami irin wannan madubi a littattafan harshensa na wancan zamani ba.

5.0 Tauraruwa Mai Wutsiya

Shekarun 1960 sun zo da wani yanayi. Rasha ta harba tauraron ɗan Adam na farko a 1957, ta aika mutum sararin samaniya a 1961. Wannan tsere bai tsaya a rediyo kawai ba ga mutanen Arewa, domin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin tashoshin da suka bi sawun Ba'amurken farko da ya kewaya duniya a Fabrairun 1962. A 1966 aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya, a 1969 kuma, shekarar da mutum ya taka wata, kamfanin ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo.

Labarin wani yaro ne mai suna Kilba wanda ya haɗu da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauke shi yawo cikin sararin samaniya. Muhimmancin littafin ta fuskar tarihi ya wuce girmansa. Da farko, sunan da aka ba shi. A al'adar Hausawa, kamar ta al'ummu da yawa, fitowar tauraruwa mai wutsiya alama ce ta wani babban al'amari, mutuwar sarki ko yaƙi ko fari, kamar yadda husufin wata yakan sa yara su fita da kiɗan gwangwani suna roƙon rana ta saki wata. Dembo ya ɗauki abin tsoro ya mayar da shi abin sha'awa da tambaya. Na biyu, wanda aka buɗe wa sama yaro ne kamar kowane yaro, ba ɗan sarki ba. Na uku, marubucin bai jefar da gadon tatsuniya ba. Tafiya zuwa wata duniya tare da wani mai iko tsohon gini ne da yaro ya saba da shi, sai dai wannan karon kumbo ne ya maye gurbin aljani ko tsuntsu.

Ke nan a wannan ɗan littafi labari da kimiyya suka sake zama a tabarma ɗaya. Duk da haka akwai iyaka. Kumbon ba Kilba ya ƙera ba, sanin kuma daga baƙo yake zuwa. Yaron fasinja ne mai buɗaɗɗen ido. Matakin da ya rage shi ne a sami labarin da yaro zai gano wani abu da kansa, a cikin garinsu, da kayan da ke hannunsa, kamar ya bi sawun dalilin da ya sa masu shan ruwan wani tafki suke kamuwa da kurkunu, ko dalilin da ya sa hatsin wani rumbu yake ƙwari na wani ba ya yi.

6.0 Damar da Ta Kuɓuce

Shekarun 1970 sun yi kama da lokacin da za a ɗauki wannan mataki. A farkonsu Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida, wanda ya mayar wa yaran makaranta gadon da Edgar da Rattray suka tara domin wasu. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajinsa a Jami'ar Ife, inda aka koyar da yara darussan firamare, har da lissafi da kimiyya, da Yarabanci tsawon shekara shida. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1977 kuma manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi koyarwa da harshen uwa a azuzuwan farko. Masu karatu sun ƙaru ƙwarai, ƙofa kuma ta buɗe.

Amma gasannin rubutun Hausa da aka yi a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 sun fi haifar da littattafan manya da matasa, irin su So Aljannar Duniya da Turmin Danya. Sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan da ke cikin manhajar jarrabawa. Adabin kasuwar Kano da ya cike gurbin daga tsakiyar shekarun 1980 ya raya karatun Hausa ƙwarai, amma hankalinsa yana kan soyayya da aure da zamantakewar manya. Littafin yaro yana bukatar zane da launi da takarda mai ƙwari, abubuwan da marubuci mai buga littafi da kuɗin aljihunsa ba zai iya ɗauka ba. Haka Tauraruwa Mai Wutsiya ya zauna shekara da shekaru ana ambatonsa a matsayin misali tilo.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi labaran yara na Hausa daga tatsuniya zuwa littafi, ta nuna cewa tunanin kimiyya ba baƙo ba ne a cikinsu. Yana nan a shari'ar dila, yana nan a kacici-kacici, yana nan a jinkirin da aku ya tilasta wa Musa. An kuma ga cewa a duk inda ya bayyana, tare yake tafiya da adalci, domin alƙalin da ba ya bincike ba ya iya adalci. Yarda da kai ita ce ta fi samun rauni, saboda labaran sun fi son su canza wa tauraro halitta kafin su ba shi daraja.

Abin da ke cikin haɗari a nan ba ƙarami ba ne. Yaron da aka koya wa kimiyya ta hadda, aka kuma bar masa labari ya zama gidan tsafi kawai, zai iya cin jarrabawa ya fito yana gaskata duk jita-jitar da ta zo masa, a kan magani ko a kan maƙwabcinsa ko a kan kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aikin da ke gaban marubuta da malaman Hausa shi ne su ɗora daga inda Imam da Dembo suka tsaya, su samar da labaran da yarinya ko yaro, mai lafiya ko mai naƙasa, ɗan birni ko ɗan ruga, zai ga wani irinsa ya tsaya ya duba, ya tambaya, ya gwada, kafin ya yanke hukunci.